Ragowar Kwaɓi a Birkar Larai

Ga ta nan tafe gare ku.

Ta ƙaraso, kunnuwanmu na nan.

To, a Jidda aka yi wannan, a unguwar Hindawiyya, shekarun nan da gari ya fara kumbura da gine-gine, duk wanda ka gani da kwanon siminti a ka. Akwai wani magini ana ce da shi Salihu, mutumin ƙasar Katsina, wanda ya biyo ta Sudan ya zo aikin hajji tun yana saurayi. Da ya sauke farali sai ya ce bari ya ɗan huta kafin ya juya gida. Hutun nan ne ya kai shi shekara ashirin da biyar. Ya auri Larai, 'yar Hausawan Sudan, Allah ya ba su 'ya guda tak, Zakiya.

Salihu mutum ne mai tsabta har ta yi masa yawa. In ƙuda ya faɗa masa cikin shayi, zubarwa ba ta isa ba, sai ya cuɗe kofin da toka. Ga hannu kuma. In ya shafe maka bango, sai ka rantse da harshe ya lashe shi.

Hannun nan nasa ne ya ja masa. Kafilinsa, wato Balaraben da iƙamarsa, takardar izinin zama, ke ƙarƙashin sunansa, ya sami aikin katanga a wani sabon asibiti, ya kwashi mutanensa ya kai. Ba a yi sati ba aka zo neman magini guda wanda ba ya zubar da ko ɗigo in yana kwaɓi. Kowa ya nuna Salihu. Aka bi da shi can bayan asibiti, wata rumfar kwano mai ƙofa biyu, aka haɗa shi da wani ma'aikaci mai farar riga, Abdulghaffar, jikan Hausawa ne haihuwar Jidda, Hausarsa duk ta jiƙe da Larabci.

A asibitin akwai wani ɗaki da ake ba masu ciwon maƙogwaro da masu ƙari a ciki magani na nukiliya, irin ƙarfin nan da ake haɗa bam da shi, amma an rage shi ƙwarai an mai da shi magani. To duk ruwan da ya fito daga ɗakin nan ba a zuba shi a kwata. Wankin kwalabe, wankin allurai, fitsarin majinyata, har aman wanda maganin ya tayar wa zuciya, duka ana tara su cikin wasu manyan kwalabe masu kauri. Likitan ɗakin ya ce ruwa tafiya yake yi, in an binne shi haka zai bi ƙasa ya sami rijiyar mutane. Saboda haka a kwaɓa shi da siminti da jan garin yumɓu, ba yashi, a ɗura cikin tukwanen tangaran masu murfi, a liƙe. In ya daskare ya zama dutse, mota ta kai su rami can cikin sahara.

Ranar farko da Abdulghaffar ya buɗe kwalba, Salihu ya ja da baya har ya bugi ƙofa. Ruwa ne rawaya-rawaya, da wani kumfa a sama, da wasu tsaki-tsaki suna yawo a ciki. Zarni ya cika rumfar, ga zafin kwano ya dafa shi.

"Ɗana, wannan ai fitsari ne," in ji Salihu.

"Aiwa, ya ammi, akwai shi ciki. Amma ba shi ne abin tsoro ba."

"In fitsarin marar lafiya ba abin tsoro ba ne, mene ne?"

Abdulghaffar ya ɗauko wani ɗan akwati mai sanda, ya kai sandar kusa da kwalbar. Akwatin ya kama ƙas-ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa cikin yashi. Ya ce, "Ka ji shi? Ba a ganinsa, ba ya wari, sabulu ba ya cire shi. Siminti riƙe shi yake yi, ba kashe shi yake yi ba. Safar hannu, takalmin roba, wannan rigar. Duk abin da ya taɓa, cikin tukunya. Ko ragowa kamar bakin cokali, cikin tukunya. Fahimt?"

Salihu ya ce ya fahimta. Ya so ya ƙi aikin, amma wanda iƙamarsa ke aljihun wani ba ya zaɓen kwaɓi. Haka ya shiga yi, sau biyu a sati, yana juya shebur yana kau da fuska. In ya gama sai ya wanke hannu har gwiwa da sabulu, ya sake da ƙasa, ya sake da lemon tsami, duk da safar da ya sa. A gida kuwa ya daina cin tuwo da hannu, ya koma cokali. Larai ta ce, "Malam, yaushe ka zama Bature?" Ya ce fatar yatsunsa ce siminti ya ci. Ko da wasa bai faɗa wa kowa abin da yake kwaɓawa ba. Magini kamarsa, wanda in liman bai zo ba shi ake turawa gaba, a ji yana dama fitsarin mutane? Ya ce wa kowa wani ɗan gini yake yi wa likita a baya.

Ana nan sai Zakiya ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari. Larai ta ɗaura ɗamarar wankan jego irin na gida, kwana arba'in, safe da yamma, ruwan zafi da ganyen darbejiya. Maƙwabtanta haihuwar Jidda suka ce wa ke yin wannan a zafin garin nan, ta ce ita uwarta ta yi mata, ita ma sai ta yi wa tata. Matsalar ruwa ce. Motar ruwa, wadda suke kira wayit, sai bayan kwana huɗu take shigowa lungunsu. A bayan ɗaki, inda mata ke wanka, akwai wata tsohuwar birka, wato kwamin siminti na tara ruwa, amma gindinta ya tsage, in an cika da safe kafin la'asar ta tsiyaye.

"Malam, birkar nan," in ji Larai kullum.

"Zan duba."

"Gidan magini, birka na zuba. In yarinyar nan ta sauka da me zan yi mata wanka, da alkawarinka?"

Shi kuwa gaskiyar magana, tun da ya fara aikin rumfa yake ƙyamar ya sa hannunsa a abin da ruwan gida zai zauna ciki. Sai ya yi ta ɗagawa.

Larai na da ƙane, Ɗan'azumi, ƙato ne mai gemu da 'ya'ya uku a Sudan, lebura a aikin katangar asibitin. Ya shigo da sunan umara ya maƙale, ba shi da iƙama, kafilin Salihu ne ke rufa masa asiri don ƙarfinsa. Bakinsa ba ya shiru, kuma mijin yayarsa ne abin tsokanarsa.

Yanzu ku tsaya in gaya muku wata al'ada ta maginan nan namu. Ragowar kwaɓi ba a zubar da ita. In an tashi aiki an ga saura a kwano, wanda ya fara gani sai ya kwashe ya kai inda ake buƙata, ya liƙe wa wata tsohuwa bakin ƙofa, ko dakalin masallaci. Ba sata ba ce, ba a ma tambaya. Barinta ta bushe a banza shi ne abin kunya.

Wata Alhamis tukwane suka ƙare wa Salihu, guda ta zo a tsage, ga kwaɓi ya rage kusan rabin kwano. Ya tuɓe safa ya fita ta ƙofar gaba neman Abdulghaffar. Fitarsa ke nan Ɗan'azumi ya leƙo ta ƙofar baya, an tashe su da wuri, ya zo ya ga ko za su tafi tare. Bai ga mutum ba, ya ga kwaɓi. Ya ji zarni kam, amma bayan asibiti ne, ina ne ba ya zarni? Ya juye cikin bokiti, ya kankare kwanon tas, ya rataya a keke, ya taka da sauri kada ya kama.

Salihu ya zaga bai sami Abdulghaffar ba. Da ya dawo ya ga kwano a kankare, sai ya ɗauka saɓani suka yi, mutumin ya shigo ta baya ya ji da ragowar. Ya ce alhamdu lillahi, ya wanke hannu sau uku ya kama hanya. A gida Larai ta tare shi da cewa ƙanenta ya yi abin da ya gagari wasu, ya liƙe birka. Shi kuma ya ɗauka simintin katanga ne, ya ji haushin gorin, ya ƙi ko zagawa ya duba.

Ranar Talata Zakiya ta haifi 'ya mace. Wayit ta zo aka cika birka fal, ba ta zubar da ko ɗigo ba. Larai ta kafa tukunyarta kan murhu. Wanka safe da yamma, wankan jaririya, kunun kanwa na mai jego da na 'yan barka, duk daga birkar nan. Bayan ɗaki ya zama na mata, namiji ba ya leƙawa.

Ranar Juma'a da hantsi Salihu na zaune a ƙofar gida kan tabarma, shi da Ɗan'azumi, an kawo musu kunu a ƙwarya. Salihu ya sha ludayi uku, ya ce Larai ta iya kunu.

"Kunu ai ruwa ne, ruwa kuwa birka," in ji Ɗan'azumi. "Ka gode wa wanda ya gyara. Kai dai an ba ka yayata a banza."

"Lebura ya shafa taɓo a rami, ya hana mu sakat."

"Taɓo? Kai ma ka san kayanka. Wallahi Yaya, ashe haka kuke ɓoye mai kyau a baya ku bar mu da mai yashi. Ja-ja, laushi kamar man shanu. Da tafin hannu na shafe shi, ko cokalin gini ban ɗauka ba."

Ludayi ya tsaya a hannun Salihu. "Ja-ja?"

"Na kwanonka mana, ran Alhamis. Ka tafi ka bar shi zai bushe, ko kunya."

Salihu ya dubi kunun. Ya ga tsakin gero na yawo a ciki. Bai ko kai bakin kwata ba ya fara kelaya amai, har sai da ya durƙusa. Yana ɗagowa ya ji ƙarar itace ana hura wuta a ciki, ana ɗora ruwan jaririya. Ya shiga gidan nan babu sallama, ya wuce matan da ke tsakar gida, ya ɗaga buhun da aka rufe birka da shi. Ga shi nan ƙarƙashin ruwa, jan shafe daga gindi har rabin bango, da sawun yatsun Ɗan'azumi a jiki.

"Malam, lafiya? Nan wurin mata ne," in ji Larai.

"Sauke tukunyar nan. Kada ruwan nan ya ƙara taɓa kowa."

Ta sallami 'yan barka da dabara, ta ce mai jego za ta kwanta. Suka rage su uku a bakin birka, ita da Salihu da Ɗan'azumi da ya biyo bayansa. Nan Salihu ya faɗi abin da ya ɓoye wata biyar, bai rage komai ba, har kumfar da tsaki-tsakin. Larai ta saurara hannunta a kan baki. Ta dubi hannayenta, waɗanda ta kwana uku tana tsoma su ciki. Ta tofar da yawu, ta sake tofarwa.

"Fitsarin wa?" ta ce a hankali.

"Na majinyata. Ban san su ba."

"Ba ka ma san su ba. Da shi na yi wa jinjirar kwana uku wanka. Da shi na dama kunu na aika gidan liman." Ta goge baki da gefen zane. "Shi ya sa kake ci da cokali. Kai ka tsare bakinka, mu ka bar mu."



Ɗan'azumi kuwa yana ta goga tafinsa a jikin bango kamar zai sale fatar. Can ya ce, "To ai najasa ce, kuma najasa tana da magani. A kwashe ruwan, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Malamai ma sun ce ruwa in ya yi yawa ba ya ɗaukar ƙazanta. Yaya Larai, ki turara ta, halas, shi ke nan. Magana ta mutu a nan."

"Ni ko an wanke ta sau saba'in ba na ƙara sha," in ji Larai. "Amma wanka ba ya tsayawa. In aka tsallake yamma ɗaya sanyi ya shige ta. A wanke ɗin, a yi wanka kawai."

"Ba ya wankuwa," in ji Salihu.

"Wane irin fitsari ne ba ya wankuwa?"

"Ba fitsarin ba. Akwai wani abu ciki da ba a gani. Ruwa in ya kwana a kai yana jansa. Sai mai akwati ya zo ya auna su, ita da jaririyar."

Ɗan'azumi ya daina gogar hannu. "Mai akwati na asibiti? Ka kawo ma'aikacin hukuma gidan nan? Zai tambayi wanda ya ɗauko. Ka san ba ni da takarda. Kai ma kafili zai tsinke ka. Yaya, don abin da ba a gani?"

Salihu ya san gaskiya ya faɗa. Ya tsaya yana kallon ruwan, kwance, garau, har ana ganin fuskar mutum ciki. A ɗaki jaririya ta yi ɗan kuka, Zakiya na lallashinta. Ya ce wa Ɗan'azumi, "Kana da daga nan zuwa la'asar. Ka wanke hannun nan, ka nemi inda za ka." Ya sa takalmi ya fita.

A unguwar Sharafiyya ya sami Abdulghaffar, ya fito daga masallacin Juma'a. Da ya ji labari bai yi faɗa ba, fuskarsa dai ta canza. Ya ce, "Kwana nawa? Sun sha? Jaririya nono kawai? Yalla." Suka biya asibiti ya ɗauko akwati, ya yi wa likita waya, suka iso Hindawiyya rana na tsaka.

A ƙofar gida akwatin na ɗan ƙas, can ƙas. Da aka kai sandar bakin birka sai ya ɓarke da suya. A tukunyar wanka ya yi, a damin ganyen darbejiya ya yi kaɗan, a ƙasan da ruwan wanka ke gangarawa ya yi. Larai na tsaye ta rungume hannu. Da Abdulghaffar ya nufi ɗakin mai jego sai ta tare ƙofa.

"Namiji ba ya shiga, kwananta uku."

"Ya khala, ki riƙe sandar da kanki. Ki bi jikinta a hankali, ni ina nan waje ina ji."

Ta karɓa da yatsu biyu kamar an ba ta mataccen ɓera. Salihu na tsaye a bayan labule yana ƙirga ƙarar. A jikin Zakiya ƙas, shiru, ƙas-ƙas. A jikin jaririya ƙas, sai dogon shiru.

"Kaɗan ne," in ji Abdulghaffar. "Simintin ya riƙe mafi yawa, kuma kwanakin ba su yi nisa ba. Da arba'in ɗin aka cika, ban san me zan ce maka ba. Amma yau za su kwana a asibiti, likita ya gani da idonsa."

Aka fitar da mai jego a mota da rana tsaka, lungu duka na kallo. Kafin magariba babu gidan da bai ji da me aka dama kunun Larai ba. Matar liman ta aiko a tambaya ko gaskiya ne, da aka ce gaskiya ne ta fasa ƙwaryar da aka kai mata. Wata maƙwabciya ta tsaya daga bakin ƙofa, hancinta a cikin mayafi, ta ce ita dai 'ya'yanta biyu sun sha. Abdulghaffar ya bi gida-gida da akwatinsa har dare ya yi, bai sami abin tashin hankali ba, amma hakan bai mayar wa kowa da kunun da ya amayar ba.

Washegari aka kawo tukwanen tangaran goma sha ɗaya a motar asibiti. Salihu ya sa safa da takalmin roba a tsakar gidansa, gaban matarsa. Ruwan birka aka fara kwaɓewa, sannan ya ɗauki guduma ya farfasa ta, ana yayyafa ruwa kada ƙura ta tashi. Ya haƙe ƙasan wurin kamu biyu. Ɓaraguzai, ƙasa, ganye, ƙwarya, ludayi, bokitin Ɗan'azumi, duk cikin tukwane, ya bi da siminti ya liƙe. Tukunyar wanka ba ta shiga ba, sai da aka sare ta gida huɗu. Larai na zaune a kan turmi tana kallo har ya liƙe ta ƙarshe. Sannan ta ce ruwan da zai yi wanka yana waje, kada ya shigo mata ɗaki da wannan jikin.

Zakiya da 'yarta sun kwana biyu a asibiti aka sallame su, aka yi ta auna su duk wata har shekara, ba a ga komai ba. An yi suna ranar bakwai aka sa wa yarinya Mastura, mutane sun zo addu'a amma abinci ya kwana a tukunya. Larai ta ƙarasa wankan arba'in a gidan wata ƙawarta a unguwar Waziriyya, da ruwan garwa, kuma ba ta ƙara dama kunun kanwa ba. Ɗan'azumi ya gudu Makka a ranar, aka kama shi bayan hajji aka mai da shi Sudan, hannunsa lafiya lau. Abdulghaffar ya sha faɗan likita, aka sa wa rumfar kwaɗo a ƙofa biyun, ya ci gaba da aikinsa. Salihu kuwa asibiti suka kore shi, kafili ya yi wata uku yana juya shi kafin ya mai da shi aikin bulo a bakin teku, kuma ba a sake tura shi gaba a masallacin lungu ba har ya tsufa.